Ƙananan gidajen tarihi da jama'arsu a lokacin kulle

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili a jaridarku domin in yi tsokaci a kan yadda gidajen tarihi, musamman ƙanana waɗanda ke yi wa gari guda hidima, suka riƙe jama'arsu ta intanet lokacin da annobar korona ta tilasta wa kowa zaman gida.

A watan Mayun 2020 UNESCO, hukumar ilimi, kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta bayyana cewa kusan kashi 90 cikin 100 na gidajen tarihin duniya, wato fiye da 85,000, sun rufe ƙofofinsu. Manyan gidaje masu kuɗi sun ɗora hotunan zaurukansu domin mutum ya zagaya ta wayarsa. Ban raina wannan ba, amma kallo ne kawai, kuma mai kallo shi kaɗai yakan gaji da wuri.

Abin da ya fi burge ni shi ne dabarar gidan tarihin Yorkshire da ke birnin York na Ingila. A watan Afrilun 2020 ma'aikatansa suka ƙalubalanci takwarorinsu a Twitter, kowa ya fito da abu mafi ban tsoro da ke ajiyarsa, su kuma suka fara da tufkakken gashin wata mace ta zamanin Rumawa, wanda aka tono daga kabarinta da tsinkayensa a soke. Nan da nan gidaje daga ƙasashe daban-daban suka shigo, mutanen da ke zaune a gida suna tambaya, suna raha, masu kula da kayan suna ba su amsa. A birnin Oklahoma na Amurka kuwa, shugaban masu gadin wani gidan tarihin makiyayan shanu aka damƙa wa shafin gidan na Twitter, tunda yana cikin 'yan kalilan da suka rage a ginin, kuma rashin ƙwarewarsa da sauƙin maganarsa su ne suka jawo dubban mabiya. Wasu gidajen sun roƙi mazauna gari su aiko da hotuna da rubuce-rubucen kwanakin kulle domin a adana su, sai maziyarci ya zama mai ba da kayan tarihi.

Sai dai wannan rahoton na UNESCO ya nuna cewa kashi 5 cikin 100 kacal na gidajen tarihin Afirka da ƙananan ƙasashen tsibirai ne suka iya kai wani abu ga jama'a ta intanet. Akan ɗora laifin a kan rashin kuɗi, kuma da gaskiya a ciki, amma misalan da na kawo ba su buƙaci fiye da waya ɗaya da ma'aikacin da ya san kayansa ba. Ina kira ga shugabannin irin waɗannan gidaje su ba ma'aikatansu izinin ɗaukar hoton abu guda kowane mako, su yi bayaninsa da harshen mutanen gari, su kuma zauna su amsa tambayoyin da za su biyo baya.

Wassalam,
Wani mai karatu