Zuwa ga Mai Unguwa: dalilin da ya sa muka kori Ebola amma kwalara ke ɗibarmu duk damina

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan iyali da jama'ar unguwa suna lafiya. A taron jin ra'ayin jama'a da aka watsa a rediyo ka miƙe ka jefo mini tambaya, a matsayina na wanda ya daɗe a aikin sa ido kan cututtuka. Ka ce ƙasar da ta kori Ebola cikin wata uku, yaya aka yi kwalara, wadda kowa ya san lokacin zuwanta, take kwashe mana mutane duk shekara? Ko dai babu wani shirin ko-ta-kwana ne, sai abu ya faru a shiga kame-kame? Lokacin da aka ba ni a wurin bai isa ba, shi ya sa na rubuto, na kuma bar wasiƙar a buɗe domin ba kai kaɗai ke da tambayar ba.

Shiri akwai shi, ranka ya daɗe, amma galibinsa a takarda yake. Akwai hukumar agajin gaggawa ta NEMA tun 1999. Akwai cibiyar daƙile cututtuka ta NCDC da aka kafa a 2011, aka sa hannu kan dokarta a 2018. Kowace daga cikin ƙananan hukumomi 774 tana da jami'in sa ido kan cututtuka. Abin da muke rasawa shi ne mutum da abin hawa da kuɗin da za su motsa a kwana ukun farko, kuma a waɗannan kwanakin ne annoba take yanke shawarar ko za ta tsaya a gida ɗaya ko za ta mamaye gari.

Bari mu koma kan Ebolar da ake ta tutiya da ita. Ranar 20 ga Yuli 2014 wani matafiyi mai suna Patrick Sawyer ya sauka a Legas daga Laberiya ɗauke da cutar, a daidai lokacin da likitocin gwamnati ke yajin aiki. Aka kai shi wani asibitin kuɗi, inda Dakta Ameyo Adadevoh ta ƙi sallamarsa duk da matsin lambar da aka yi mata. Ita ma cutar ce ta yi ajalinta a watan Agusta. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Najeriya ta fita daga annobar. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne ba wani shirin Ebola ne ya cece mu ba, aron kayan aikin shan-inna aka yi. Tun 2012 akwai cibiyar gaggawa ta yaƙi da shan-inna, mai ma'aikatan da suka saba bin gida-gida, da motoci, da waya, da alawus da ake biya a kan kari saboda kuɗin masu tallafi na waje. Su aka ɗauko, Dakta Faisal Shu'aib ya jagoranci aikin. Sun bi sawun mutum kusan 900 da suka yi mu'amala da masu cutar, ana auna zafin jikin kowanne kullum har kwana 21. Wato goran a fafe yake tun kafin ranar tafiya. Sannan, kuma wannan ra'ayina ne, Ebola ta jirgin sama ta shigo, ta tsorata manya, shi ya sa ba a yi ta yawo da fayil ba. Kwalara kuwa ba ta hawa jirgi, daga rijiyar talaka take fitowa.

A 2021 NCDC ta ƙirga sama da mutum 111,000 da ake zaton kwalara ce ta kama su, fiye da 3,600 suka rasu, mafi yawansu a jihohinmu na Arewa irin su Bauchi da Jigawa da Kano da Zamfara. Abin takaicin, cutar nan ba ta da wuyar magani. Inda kaya suka wadata, ko mutum ɗaya cikin ɗari ba ya mutuwa. Da ka leƙa sansanin masu kwalara za ka ga abin da ake buƙata duka bai taka kara ya karya ba: gado mai rami a tsakiya da bokiti a ƙarƙashi, ledojin ƙarin ruwa a rataye, ruwan gishiri da sukari a kofi, ruwan kulorin na wanke hannu a bakin ƙofa. Magidanci zai shigo a sume, idanu sun faɗa, ka tsunkuli fatar cikinsa ta tsaya yadda ka bar ta, jijiya ta ɓuya sai an yi da gaske kafin a same ta. A ɗaura masa leda bayan leda, kafin gari ya waye ka ji yana tambayar koko. Wanda ya rasu yawanci ba cutar ce ta gagari magani ba. Ko dai an kawo shi a makare, ko an kawo shi an tarar babu ledar ruwa, aka rubuta wa ɗansa takarda ya tafi kemis da tsakar dare.

To ina ake makarar? Ga yadda take faruwa. Ma'aikacin lafiya na ƙauye ya ga mutum biyar da amai da gudawa a yini ɗaya, ya buga wa jami'in sa ido waya. Jami'in yana da babur amma babu mai. A wata ƙaramar hukuma da na yi aiki, daga albashinmu muke zuba man, mu sayi ƙanƙarar da za a sa samfur a akwatin sanyi, mu biya kuɗin motar da za ta kai shi ɗakin gwaji a babban birni. Takardar neman kuɗi kuwa ta tafi teburin darakta, daga nan sai an jira shugaban ƙaramar hukuma ya dawo daga tafiya. In sakamako ya fito, sai a shiga wani jiran, domin jiha ce ke da hurumin shelanta ɓarkewar annoba, kuma babu kwamishinan da ke son a ce a zamaninsa aka yi. Abuja ba za ta iya faɗowa jiha haka kawai ba. Haka aka yi da sanƙarau a Zamfara: ya fara ne a ƙarshen 2016, amma sai a Fabrairun 2017 labari ya isa sama yadda ya kamata. Kafin ya lafa ya taɓa sama da mutum 14,000 a jihohi da dama, ya kashe fiye da 1,100. Allurar rigakafin irin wannan annoba daga rumbun ajiya na duniya ake roƙo, masu kula da rumbun kuma ba sa saki sai an nuna musu shaidar gwaji. Duk ranar da samfur ya kwana a ƙauye, allurar ma ta ƙara kwana ke nan.

Ba cuta kaɗai ba ce gaggawa. A Satumbar 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle ta cinye Maiduguri, shekara 30 cif bayan irin wannan ambaliya ta 1994. Ruwa ya shiga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri da Asibitin Ƙwararru na jiha, ya lalata na'urori masu tsada. Wurin da za a kai mutane shi kansa ya zama abin ceto. Ban ga laifin likita a nan ba, amma asibitin da ke garin da ruwa ya taɓa ci ya kamata ya san tun da wuri inda zai kwashe marasa lafiya, da inda janareto da ma'ajiyar magani za su zauna. Makonni kaɗan bayan haka kwalara ta ɓulla a Borno, kamar yadda kowane ma'aikacin lafiya ya zata. Ana cikin wannan, ranar 15 ga Oktoba, tankar mai ta fashe a Majiya ta jihar Jigawa, sama da mutum 150 suka rasu. Waɗanda suka ƙone aka rarraba su asibitocin Ringim da Haɗeja, masu tsanani aka wuce da su Kano da wasu garuruwan, saboda gadajen jinyar ƙuna ƙalilan ne a duk yankin.

Batun kuɗi ba zan tsawaita ba. A 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa kashi 15 cikin ɗari na kasafi zai tafi lafiya. Namu na tarayya yana yawo ne tsakanin kashi 4 zuwa 6. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 na kuɗin shigar tarayya don lafiya a matakin farko, kashi 5 daga cikinsa na jinyar gaggawa ne. Sashe na 20 na dokar ya hana kowane asibiti ƙin karɓar wanda ke cikin halin gaggawa. Ka riƙe wannan sashen da kyau, domin mutanenka da yawa ba su san da shi ba.

Akwai kuma abin da ke hannunka, ranka ya daɗe, wanda babu shi a hannun minista. Ka tuna Afrilun 2020 a Kano. Masu haƙar kabari ne suka fara cewa gawa ta yi yawa, ana ta musu da su, a lokacin da ɗakin gwajin korona na birnin ma ya rufe na wasu kwanaki. Sai a watan Yuni ministan lafiya Osagie Ehanire ya ce an ƙirga mutuwa 979, kuma rabi ko fiye mai yiwuwa korona ce sanadi. Mai unguwa da liman da mai wankan gawa da ungozoma da mai kemis sun riga kowace kwamfuta sanin abin da ke faruwa. Sai dai ba a haɗa su da wanda za su faɗa wa ba, su kuma suna tsoron kada a ce sun jawo wa unguwa baƙin jini.

Don haka roƙona, a zaman kwamitin ci gaban mazaɓa na gaba ka sa a gayyato jami'in sa ido na ƙaramar hukumarku, ka karɓi lambarsa, liman da masu maƙabarta su ma su karɓa. Ku yi yarjejeniya cewa in aka yi jana'iza biyu ko uku masu ciwo iri ɗaya cikin mako, ko babba ya rasu da gudawa, a kira shi a ranar, ba sai an tashi daga zaman makoki ba. Sannan tun watan Afrilu, kafin ruwa ya sauka, ka je asibitin unguwa ka nemi a buɗe maka sito ka ƙirga ledojin ruwa da kulorin da idonka. In ka tarar babu, ka rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma, ka sa kwanan wata, hakimi ya sami kwafe. In kana son in rako ka ranar, ka aiko.

Allah ya ja zamaninka. Wassalam.

Naka,
tsohon jami'in sa ido kan cututtuka