Zuwa ga Salisu, kan ganyen waken suyan nan naka

Assalamu alaikum Salisu, ya gida ya yara, ya damina a can Yendi? Mu nan Kumasi lafiya lau alhamdulillahi.

Na ga hotunan da ka turo ta WhatsApp kuma wallahi hankalina bai kwanta ba. Ɗigo-ɗigon nan ja-ja a ganyen ƙasa sun yi min kama da cutar tsatsa, ka tsinko ɗaya ka juya bayansa ka shafa da yatsa, in ka ji ƙuraje-ƙuraje kuma wani gari ya maƙale maka to ita ce. In kuwa tabo ne zagaye, tsakiya toka-toka baki ja mai duhu, wannan cutar da ake kira idon kwaɗo ce, duka biyun fangas ne suna jin magani. Amma ganyen da ya yamutse ya yi dabbare-dabbare bairos ne, feshinsa asarar kuɗi ce kawai.

Ni dai abin da nake roƙonka shi ne kar ka jira. Daga fure zuwa sanda kwanso ya fara fitowa, nan ne feshi ke biyan kuɗinsa, don ganye shi ke cika ƙwaya, in ya zube da wuri ƙwayar ta motse buhu ba nauyi, kuma ka san masu haɗa abincin kaji a nan sikeli suke kallo ba cikar buhu ba. Maganin feshin nan Mancozeb kariya ce kawai, a saman ganye yake zama ruwa na iya wanke shi, tunda abin ya riga ya shiga gara ka nemi mai azoxystrobin haɗe da difenoconazole, shi yana ratsa ganyen. Ka duba rajistar EPA, hukumar kare muhalli, a jikin kwalba don jabu ya yi yawa, ka bi awon da aka rubuta, ba na ido ba.

A fesa da safe in raɓa ta bushe kuma ba iska, a tura bakin famfo can ƙasa cikin duhuwar ganye inda cutar ke farawa. Don Allah yaran da ke goya maka famfo ka ba su safar hannu da takunkumi da bot, su yi wanka kafin su taɓa abinci.

Baɗi ka sa masara a wannan filin, irin waken kuma ka tambayi mutanen SARI, cibiyar binciken noma ta Nyankpala. In maganin ya yi wuya a Yendi ka kira ni yau ɗin nan in saya a kasuwar Kejetia in bai wa direban Tamale. Ka gaida min Hajiya da su Inna.

Naka, Bashiru