Amsa ga Uban da Ya Tambaye Ni Dalilin Laka a Rigar 'Yarsa

Assalamu alaikum, Alhaji.

A taron iyaye da malamai da ya wuce ka miƙe a gaban jama'a ka tambaye ni amfanin makonni uku da 'yan aji uku suka yi suna fama da tukwane da yashi, alhali ga lissafi ga Turanci, ga jarrabawa tana ƙaratowa. Ka ce kullum 'yarka da laka take dawowa gida. Lokaci ya ƙure ranar, na ba ka amsa a gurguje, kuma na ga alamar ba ta gamsar da kai ba. Tunda a bainar jama'a ka yi tambayar, bari in amsa inda kowa zai karanta.

Tukunya biyu muka samo, babba da ƙarama. Muka saka ƙaramar cikin babbar, muka cika tsakaninsu da yashi, muka jiƙa shi, muka zuba tumatur da gauta a ciki, muka rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Wasu tumatur ɗin muka bar su a faranti a gefe. Dabarar ba tawa ba ce. Marigayi Mohammed Bah Abba ne ya yaɗa ta a ƙauyukan Jigawa. Malami ne da ya tashi a gidan maginan tukwane, kuma a shekarar 2000 ya karɓi lambar yabo ta kamfanin Rolex saboda ita. A gwajinsa, gautar da kan lalace cikin kwana 3 ta kai kwana 27. Ina son yaran nan su san cewa mutumin da duniya ta yaba wa kan kimiyya da irin ƙasar da suke takawa ya yi aiki.

To ina karatun yake? Kowace safiya yara biyu suna auna ruwan da yashi ya sha, kofi nawa, su rubuta a jadawalin da suka zana da kansu. Ran Juma'a su haɗa na mako. Wasu su ƙirga tumatur ɗin da ya ruɓe a faranti, su debe daga adadin farko. Haɗawa da debewa ke nan, waɗanda za su tarar a takardar jarrabawa, sai dai a nan kowace lamba sun taɓa ta da hannu. Sannan kowa ya rubuta jimla uku kan abin da ya gani, da Hausa tukuna, daga baya mu juya ta Turanci.

Wurin da ya fi faranta mini rai shi ne ranar da na tambaye su me ya sa cikin tukunyar ke da sanyi. Aji ya yi tsit. Can sai 'yarka ta ce ai haka randar gidansu take, bayanta kullum a jiƙe. Daga nan muka kama zare: ruwa yana tsattsafowa ta ƙofofin yumɓu, iska ta busar da shi, yana tashi kuma yana tafiya da zafi, kamar yadda gumi ke sanyaya jiki. Wani yaro ya ce to da damina fa, da wanki ma ba ya bushewa da wuri? Gaskiyarsa, tukunyar ta fi aiki da rani lokacin da iska ta bushe. Ban koya masa wannan ba, shi ya gano.

Ba kuma son raina na bi ba. A manhajar hukumar tsara manhajar karatu ta ƙasa (NERDC) da aka fara aiki da ita a 2014 an haɗe kimiyya, fasaha, ilimin kwamfuta da na lafiyar jiki a darasi guda. Takarda ta haɗa su, mu ne a aji muke ci gaba da raba su, don kwafar rubutu daga allo ta fi sauƙi ga malamin da yara suka yi wa yawa.

Amma tsoronka yana da tushe, ranka ya daɗe. Na ga inda aka mayar da irin wannan aiki shagali, yara su sha wasa, a tashi ba wanda ya iya sau bakwai. Shi ya sa ban taɓa lokacin haddar jadawalin sau ba, ban kuma rage na karatu ba. Batun laka kuwa laifina ne, da na ce su riƙa zuwa da tsohuwar riga.

Ina roƙonka ka leƙo ajinmu ran Alhamis kafin a tashi tara. Ita ce mai auna ruwa ranar. Ka karɓi littafinta, ka tambaye ta kofi nawa yashi ya sha a makon nan, da dalilin da ya fi na makon jiya.

Wassalam,
Malamar aji uku