Ku Yi Wa Ɗalibai Bayanin Sitak

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah a shafinku na kimiyya ku taɓo maganar yadda furogiram ɗin kwamfuta ke magance kuskure, yaran da nake koya wa C++ (wani yaren rubuta furogiram) sun haddace try da catch (umarnin gwada aiki da na cafke kuskure in ya auku) amma ba su san me ke faruwa a ƙasa ba, abin yana damuna wallahi.

Duk fankishin (guntun furogiram mai yin wani aiki) da furogiram ya kira sai a ɗora masa nasa wurin a sitak, wato wani sashe na memori, kamar kwanuka a kan juna, ciki akwai kayansa da adireshin inda zai koma. To in aka yi throw, wato aka jefo sanarwar kuskure, sai a bi kwanukan daga sama ana neman catch da ya dace, in an samu sai a sake bi ana sauke su ɗaya-ɗaya, kowanne a kira destructor (fankishin mai share kaya) na abubuwansa, fayil a rufe, memori a saki. In ba a samu ba fankishin std::terminate ya kashe furogiram ɗin.

A kwamfuta mai tsarin Linux, GCC (manhajar da ke haɗa rubutun C++ ya zama furogiram) yana rubuta taswirar sauke kwanukan a sashen furogiram mai suna .eh_frame tun lokacin haɗawa, shi ya sa try kusan ba ya cin lokaci sai kuskure ya auku, nan ne ake biya da tsada.

Naku,
Wani malamin kwamfuta, Zariya