Anti, labarina ya tsaya a shafi na 34

Assalamu alaikum Anti. Ina gaisuwa, ya aiki, ya iyali? Allah ya saka miki da alheri bisa yadda kike sauraron damuwar jama'a ba gajiyawa. Don Allah a sakaya sunana, domin a layinmu babu gidan da ba a kunna shirin nan.

Ni matar aure ce, shekaruna 28, 'ya'yana biyu, muna zaune a Rijiyar Lemo. Na san wasiƙun da kika saba karantawa na kishiya ne da uwar miji da rashin haihuwa, tawa ba ta kama ƙafarsu ba, shi ya sa na daɗe ina jin nauyin aikowa. Amma abin yana hana ni barci, kuma ba ni da wanda zan gaya wa bai yi mini dariya ba. Ni marubuciya ce, irin waɗanda ke rubuta labari a waya su saki a WhatsApp da Facebook da Wattpad, wata manhaja ta saka labarai da karanta su. Yau wata biyu ke nan ban rubuta ko layi ɗaya ba.

Son labari tun ina ƙarama nake da shi. Yayata ce take karɓo hayar littattafan Hausa a wajen wani mai teburi, ta ɓoye a jakar Islamiyya, in ta yi barci ni kuma in zaro in karanta da tocila. A 2007, lokacin da gwamnatin Kano ta yi gangamin ƙona littattafan soyayya, Ummanmu ma ta tattara namu ta cusa a murhu. Na yi kuka kamar an yi mutuwa. Ashe abin bai ƙone ba, yana nan a raina.

Na fara rubutu a 2020, lokacin kullen korona. Kowa yana gida, kowa waya a hannu. Labarina na farko, in gaya miki gaskiya, babu abin da na ƙirƙira a cikinsa. Ɗan mai kuɗi ne miskili da ya dawo daga Ingila, da yarinya marainiya kyakkyawa mai tallan awara, da kishiyar uwa muguwa. Na tsinto nan na tsinto can na haɗa. Amma Anti, kin ga yadda aka karɓe shi? A lokacin guruf ɗin WhatsApp mutum 256 kawai yake ɗauka, sai da na cika biyu na buɗe na uku. In na makara ban saki shafi ba, sai a yi ta kirana ana tambayar ko lafiya. Mata suna faɗa a kan jarumata kamar 'yar uwarsu ce. Ni da ban wuce sakandare ba, sai ga matan da suka girme ni suna ce mini "Anti marubuciya". Ba zan ɓoye miki ba, kaina ya yi girma.

Na biyu na mai da shi na kuɗi, kamar yadda ake yi. Shafi goma sha biyar na farko kyauta, mai son ci gaba ta turo naira 300 ko katin waya, ta nuna shaidar biya in saka ta a guruf na musamman. Ba a yi sati ba aka fitar da shi. Duk "ban yafe ba" da nake rubutawa a saman kowane shafi bai hana komai ba. Daga baya na tarar an haɗe shi wuri guda an cire sunana, wani ma yana karanta shi a tasharsa yana cin kuɗi. Na ji zafi, na yi Allah ya isa, ya wuce. Ba wannan ne ya kawo ni ba.

Abin da ya kawo ni shi ne labari na uku.

Ina da Goggo, ƙanwar mahaifinmu, bazawara, da take zuwa aikatau kasuwar Dawanau. Suna gyaran riɗi da zoɓorodo da waken suya, a tankaɗe, a sheƙe, a tsince, a biya su da yamma. Tana fita bayan sallar asuba ta dawo gab da magariba, gashin idonta fari fat da ƙura, tana tari. Wata rana na je gaishe ta na tarar da ita da ƙawayenta biyu suna hira, suna ba da labarin yadda ake rigimar layi, da yadda suke adashi, da wata da ta aurar da 'ya'ya uku da kuɗin tsintar riɗi, da irin maganganun da wasu maza ke gaya musu a hanya. Suna yi suna dariya har da tafawa. Na zauna ina kallonsu na ce a raina, shekara nawa ina rubuta gidajen da ban taɓa shiga ba da motocin da ban taɓa hawa ba, alhali ga labari a cikin danginmu.

Sau uku na bi ta kasuwar. Na zauna a cikinsu, na ji yadda suke magana, na ga yadda tafin hannunsu ya koma. Na dawo na fara rubuta labarin wata mata da mijinta ya sake ta da 'ya'ya huɗu ta shiga wannan aiki. Wallahi Anti ban taɓa jin daɗin rubutu irin na wannan karon ba. Ina tuƙa tuwo magana tana zuwar mini, sai in ajiye muciya in ɗauki waya kar ta gudu. A karon farko na ji abin da nake rubutawa nawa ne.

Sai masu karatu suka watse.

Ba a rana ɗaya ba. Shafukan farko an yi ta sharhi, ana jiran a ga inda zan dosa. Wajen shafi na goma aka fara tambaya: "Anti, wai yaushe jarumin zai fito?" Na ce babu jarumi irin wanda kuke nufi. Daga nan sharhi ya koma sitika, sitika ta koma "mun gode", "mun gode" ta koma shiru. Kullum in na buɗe guruf sai in ga wance ta fita, wance ta fita. A Wattpad kuwa akwai alamar ido da ke nuna yawan karatun da aka yi wa kowane shafi, da tauraron da mai karatu ke dannawa in ya ji daɗi. Shafin farko ya haura dubu. Na 34 bai kai arba'in ba, kuma ina zargin kusan goma daga ciki ni ce da kaina.

Akwai wata da ta yi mini magana ta bayan fage, maganarta ce ta tsaya mini a wuya har yau. Ta ce: "Anti, muna cikin talauci, mun sayi data da ƙyar don mu ɗan manta, ke kuma sai ki kawo mana talauci a waya?" Na so in ji haushinta na kasa, saboda ta fi ni gaskiya ta wani ɓangaren. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa ya san yadda rayuwa ta koma, ga kuɗin data da aka ƙara a farkon 2025. Macen da ta wuni tana lissafin gwangwanin shinkafa, in dare ya yi tana son ta ga an kai wata Dubai an saya mata gwal. Ni ma abin da ya sa nake satar littafin yayata ke nan. To ni wace ce da zan ce ba ta da hankali?

'Yan uwana marubuta na ƙungiyarmu sun ba ni shawarwari, kuma na gwada kusan duka. Sun ce in riƙa saki kullum a lokaci ɗaya, bayan sallar isha'i, lokacin da mata suka gama aiki suka kwantar da yara, domin mai karatu in ya saba da lokacinki zai jira ki, in kika yi kwana uku shiru ya koma wajen wata. Wannan gaskiya ne, na gani da idona. Amma shafi ɗaya yana cin awa uku zuwa huɗu ina dannawa da babban yatsa, ga girki ga wanki ga yara, ga wuta da in an ɗauke sai na aika da wayar wajen mai caji. Sun ce in riƙa yanke shafi a daidai inda rai ke rataye. Na yi. Sun ce in canja hoton bango, in biya wata babbar marubuciya ta saka mini talla a ƙarshen shafinta, mu riƙa yi wa juna talla. Na biya, mutane suka shigo, suka leƙa shafi biyu suka fice.

Shawarar da aka fi nanata mini kuwa ita ce in "sa yaji". Kin gane abin da ake nufi. Kowa ya san littattafan da suka fi kawo kuɗi yanzu, da irin abin da ke cikinsu. Wannan kam na ce a'a. Ina da 'ya mace, wata rana za ta iya karatu, kuma rubutun waya ba ya ɓacewa. Ba na kuma son in zama cikin masu ja wa marubuta zagin da ake yi mana a kan mumbari, ana yi mana kuɗin goro. Amma akwai shawara ta biyu da ba haramun ba ce, ita ce ke yi mini yawo a kai. Wata ƙawata ta ce in shigo da wani Alhaji dillalin riɗi, matashi mai kuɗi, ya ga jarumar a cikin ƙura ya kamu da sonta. Ta ce in na yi haka ta rantse cikin sati biyu guruf zai cika. Na san gaskiya ta faɗa. Na ma fara rubutawa, na kai Alhajin har bakin rumfa ya sauke gilashin mota, sai na ji kamar ina yi wa Goggo ƙarya a gaban idonta. Shekara goma sha ɗaya tana zuwa kasuwar nan, babu Alhajin da ya sauke mata gilashi. Na goge.

Tun daga ranar na tsaya. Abin da ya fi ba ni tsoro ma shi ne yadda na koma. Da, in na tashi da safe tunanina me zai faru da mutanen labarina. Yanzu ina idar da sallar asuba sai in jawo waya in duba lamba. Cikin dare in na farka shayar da yaro sai na duba. Akwai yarinyar da ni na koya mata yadda ake raba sakin layi, yanzu mabiyanta sun ninka nawa sau goma, in na ga ana yabonta sai in ji wani abu ya tokare mini ƙirji. Ina yin istigifari, amma yana dawowa. Ban san ina da hassada ba sai da na fara rubutu, kuma wannan ya fi rashin masu karatun ƙona mini rai.

Maigidana ba ya hana ni, Allah ya saka masa. Shi dai nasa mai sauƙi ne: in kasuwa ce, ki kai abin da ake saye, in ba kasuwa ba ce, ki daina damun kanki da masu saye. Ɗan kasuwar Kwari ne, haka yake kallon komai. Na kasa yi masa bayanin cewa duka biyun nake so. Ina son a karanta ni, ba zan yi ƙaryar cewa don kaina kaɗai nake rubutu ba, wanda ya rubuta don kansa ai ba ya sakawa a waya. Ina kuma son ɗan abin da zan sayi data da sabulu ba sai na roƙa ba. Wata ta ce in gutsuro wani yanki na labarin in gyara shi ya zama gajere in tura gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda ake yi wa mata tun 2016, wai irin waɗannan labaran sun fi samun masu saurare a can. Ina sha'awa, amma gabana faɗuwa yake, kar in je can ma a nuna mini ban iya ba.

Ba wai babu kowa ba ne. Akwai mutum kamar ashirin da ba su fita ba. Uku daga ciki suna turo saƙon murya mai tsawo, ɗaya malamar makaranta ce a Gwale da take gyara mini kuskuren rubutu ba tare da ta kunyata ni ba. Ita ma Goggo, da yake ba ta yi boko ba, 'yarta ce ke karanta mata. Ranar Juma'ar da ta wuce ta aiko a tambaye ni wai ina aka kwana da matar nan, ta bar ta tsaye a ƙofar mai gidan haya an ba ta kwana uku ta tashi. Na ce a gaya mata ina nan tafe. Alhali babu abin da na rubuta.

To Anti, ki ba ni shawara tsakani da Allah, ke da masu saurare, musamman in akwai marubutan da suka daɗe a harkar nan tun zamanin da ake kai littafi kasuwar Sabon Gari. Shin in ƙarasa labarin nan yadda yake a raina saboda mutum ashirin, ko in shigo da Alhajin in dawo da jama'ata, in ya so daga baya in rubuta abin da nake so? Ina tsoron in na saba ba su abin da suke so, ba zan sake iya komawa ba. Ko kuwa in rufe guruf ɗin gaba ɗaya, in rubuta shi ni kaɗai har ƙarshe sannan in fitar, don in huta da duba lamba? Sannan wannan abin da nake ji game da yarinyar nan, yaya zan yi da shi? Har yanzu tana gaishe ni kullum, tana ce mini Anti, ba ta san komai ba.

In za ki karanta wasiƙar nan, don Allah ki cire sunan unguwarmu in kin ga ya dace. Na gode, Allah ya ƙara basira.

Taki,
Maman biyu, daga Kano