Masu sayen furen okid, ku daina binne shi a ƙasa

Assalamu alaikum Edita,

Don Allah a ɗan ba ni fili a jaridar nan tamu mai farin jini in yi magana kan furen okid ɗin nan da ya fara shiga falon mutane a Abuja da Kaduna da Kano, musamman gidajen amare. A saye shi da tsada, wata ɗaya ko biyu ya mutu, sai a ce mai sayar da furen ya yi cuta. Wallahi sau tari ba laifinsa ba ne, mu ne muke masa rainon tumatir, a juye shi a tukunya a danƙara ƙasa da taki a yi ta ban ruwa safe da yamma.

Irin okid ɗin da aka fi kawowa, Phalaenopsis, asalinsa dazukan Filifin da Indonusiya da maƙwabtansu ne, kuma a can ba a ƙasa yake tsirowa ba, jikin bishiya yake maƙalewa saiwoyinsa a waje suna shan iska. To ka ga in ka binne su ai ruɓewa za su yi. Ɓawon itace da gawayi da ɓawon kwakwa sun ishe shi, cikin tukunya mai huji da yawa, in da hali ta roba mai gani-har-hanji. Saiwar ce za ta gaya maka komai, in ka gan ta kore shar to ta ƙoshi, in ta koma fari-fari kamar toka sai ka zuba ruwa ya tsiyaye tas, yawanci sau ɗaya a sati, da damina ma ƙasa da haka. Kar a bar ruwa ya kwanta a tsakiyar ganyen, nan ne yake fara ruɓewa, kuma ruwan sama ya fi masa na bohol mai kanwa-kanwa.

Matsalarmu a Arewa bazara ce. Shi zafin da bai wuce digiri 30 ba yake so, mu kuwa a Afrilu sai mu haura 40, ga wuta ba tabbas, don haka a ajiye shi ta tagar gabas bayan labule, ba ta yamma ba, ba kuma saitin bakin AC ba. Da hunturu a ɗora tukunyar kan faranti mai tsakuwa da ɗan ruwa saboda bushewar iska, amma fa sanyin daren nan shi ne ke sa shi fitar da sabon karan fure.

A cikin sauran ire-iren okid, Dendrobium ya fi jure rana da zafi, ni shi nake ba wa sabon shiga shawara. Cattleya akwai ƙamshi amma sai da haske sosai. Vanda kuwa mutumin Sakkwato ya haƙura kawai, raɓar da take so ba mu da ita.

Roƙona ga masu sayarwa, ku dinga gaya wa mutane cewa furen kan yi wata 2 zuwa 3 ya zube, kuma zubewar ba mutuwa ba ce, a yanke karan a ci gaba da kula da ganyen zai sake. Edita ku ma a taimaka a ɗan ba furannin cikin gida gurbi a shafin noma.

Naku,
Mai karatu daga Kaduna