Wasiƙa Zuwa ga Aminina a Kan Teburin Ƙwallon Ƙafa na Ɗakin Wasa

Aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara baki ɗaya, ina sanar da kai cewa wasiƙarka ta iso, kuma na yi murna da jin cewa ɗakin da ka daɗe kana tanada wa iyali domin wasa ya kammala. Ka nemi shawarata a kan teburin ƙwallon ƙafa, wannan mai sandunan ƙarfe da 'yan wasa a jere a jikinsu, wanda Amurkawa ke kira fusbol, sunan da suka aro daga kalmar Jamusanci ta ƙwallon ƙafa. Tun da na riga ka shiga wannan harka, har na sayi tebur biyu, na farkon na yi asararsa, na biyun kuma yana nan da ransa, zan faɗa maka abin da na gani da idona. Idan ka tashi nema, kada ka ce ƙwallon tebur kawai, domin mutane da yawa za su ɗauka wanda ake bugawa da ɗan faifai a kan raga kake nufi.

Kafin ka kalli tebur ko ɗaya, ka auna ɗakin. Cikakken tebur na manya yakan kai wajen santimita 140 a tsawo, 75 a faɗi, tsayinsa daga ƙasa kuma wajen santimita 90. Wannan lissafi yana ruɗin mutane, domin sandunan suna leƙowa ta gefe biyu, kuma a bayansu akwai mutanen da za su tsaya, su ja, su tura, wani lokaci ma su yi baya da ƙarfi idan wasa ya yi zafi. Ka bar aƙalla mita ɗaya a kowane ɗaya daga cikin dogayen ɓangarorin biyu. Ni da na matsa nawa kusa da bango a farkon lamari, gwiwar hannuna ta sha bugu, fentin bangon ma ya ji a jikinsa.

Yanzu ga maganar da ta fi kowace muhimmanci a wurina, wato nauyi. Teburina na farko ado ne ya ja ni gare shi. Yana da ƙananan fitilu a gefe, da allo mai ƙirga ci da batir, da fenti mai ɗaukar ido, amma ni kaɗai nake iya ɗaga shi ba tare da na yi nishi ba, kuma ban gane cewa wannan aibi ne ba sai da manyan yarana suka fara wasa da gaske. Duk wanda ya buga da ƙarfi sai teburin ya gusa, ƙwallo ta gangara inda ba a aike ta ba, a tashi ana gardama a kan ci. Jikinsa garin katako ne da aka matse da gam aka yi masa siririn rufi, saboda haka ramukan kusoshin suka riƙa buɗewa a hankali, kafin shekara ta zagayo ƙafafun suna rawa, duk ɗaurin da na yi musu kuwa ba ya kwana biyu. Daga cikin teburan gasa akwai waɗanda suka haura kilo 100. Ba sai ka kai nan ba, amma a ganina duk tebur ɗin da bai kai kilo 50 ba kayan wasan ƙananan yara ne, ba zai jure hannun saurayi ɗan shekara goma sha biyar ba. Idan ka samu damar ganinsa a tsaye, ka dafa gefensa da hannu biyu ka girgiza. Ka dubi kaurin katakon gefe, wanda a teburan kirki yakan kusa santimita 4, ka dubi ƙafafun ko masu kauri ne, sannan ka tabbata kowace ƙafa tana da abin murɗawa a ƙasanta wanda ake ƙara mata tsayi ko a rage da shi.

Bayan nauyi sai sanduna. Guda takwas ne, huɗu ga kowane ɓangare, kuma iri uku ake yi. Akwai ƙarfe cikakke wanda ba rami a cikinsa, mai nauyi a hannu, wanda ke saurin gajiyar da wuyan hannun yaro. Akwai mai rami kamar bututu, marar nauyi, mai saurin juyawa, wanda ƙwararru da yawa suka fi so, muddin ƙarfen mai kyau ne. Waɗannan biyun duka suna ratsa teburin su fita ta ɗaya gefen, kuma a nan ne nake so ka tsaya ka yi tunani a kan autanku. Tsinin sandar yana fitowa ne daidai fuska ko ƙirjin ƙaramin yaro, shi kuwa mai wasa idonsa na kan ƙwallo, ba ya ganin wanda ya zo ya tsaya kallo a gabansa. Iri na uku shi ne wanda sanda ɗaya ke shigewa cikin ɗaya, kamar eriyar rediyo, ta yadda komai turawar da aka yi babu abin da ke leƙowa ta gefen abokin karawa. Yakan fi tsada, amma da ni ne kai, da yara ƙanana a gida, shi zan ɗauka ba tare da dogon nazari ba. Kowane iri ka zaɓa, ka juya sandar a hankali kana kallon ƙarshenta. Idan ƙarshen yana zana da'ira maimakon ya tsaya wuri ɗaya, to ta lanƙwashe, kuma sandar da ta lanƙwashe ba ta komawa daidai.

'Yan wasan kuwa, tsarin da aka fi sani shi ne mai tsaron gida ɗaya, 'yan baya biyu, 'yan tsakiya biyar, 'yan gaba uku, goma sha ɗaya ke nan kamar a fili. Teburan Amurka da yawa suna sa mutum uku a sandar mai tsaron gida, don kada ƙwallo ta maƙale a kusurwa inda babu mai kai mata, su kuwa masu gola ɗaya sai a ɗan ɗaga kusurwoyinsu ƙwallo ta gangaro da kanta. Wannan duk wanda ka samu ya yi. Abin da zan ce ka nema shi ne 'yan wasan da aka daidaita nauyin kansu da na ƙafarsu, waɗanda idan ka kwantar da su suke zama a kwance. Amfaninsu yana bayyana ne idan mutum biyu kaɗai ke wasa, domin za ka ɗage naka 'yan tsakiya ka buga daga baya ba tare da sun faɗo sun tare maka hanya ba. Ka kuma tambaya yadda aka kafa su a jikin sanda. Wanda aka riƙe da kusa ana cire shi shi kaɗai idan ya karye, wanda kuwa aka narka a jikin ƙarfen sai an canza sandar gaba ɗaya.

Za ka ga teburan sun bambanta ƙwarai, dalilin kuwa shi ne wasan ya girma a ƙasashe daban-daban, kowace da hannunta. A Ingila wani mai suna Harold Thornton ya samu rajistar ƙirƙirarsa a 1923, a Sifen kuma Alejandro Finisterre ya yi rajistar nasa a 1937, bayan raunin da ya samu a yaƙin basasar ƙasar ya kwantar da shi tare da yaran da ba sa iya fita buga ƙwallo. Hukumar wasan ta duniya, ITSF, wadda aka kafa a 2002 take kuma da mazauni a birnin Nantes na Faransa, ba ta tsayar da tebur ɗaya ba, ta amince da da yawa, irin su Bonzini na Faransa, da Garlando na Italiya, da Leonhart na Jamus, da Tornado na Amurka. Na Faransa filinsa kamar ledar ɗaki yake, 'yan wasansa na ƙarfe ne, kuma an san shi da ƙwallo ta irin ɓawon itacen da ake toshe kwalba da shi, wadda ke kamuwa a ƙarƙashin ƙafar ɗan wasa, wasan ya zama na dabara da natsuwa. Na Italiya kuwa an san shi da filin gilashi, ƙwallo na gudu kamar walƙiya. Abin da ya shafe ka a nan shi ne ƙara. Ƙwallon roba mai tauri a kan fili mai tauri tana da amo, idan ɗakin wasan yana jikin ɗakin barci uwargida za ta riga kowa sanar da kai. Sannan manyan kamfanonin nan suna sayar da kayan gyara ɗaya-ɗaya, tun daga ɗan wasa har mariƙi, shi ya sa nake ganin tsohon tebur na kamfanin kirki, idan sandunansa a miƙe suke kuma filinsa bai kumbura ba, ya fi sabo mai ƙyalli wanda ba a san inda za a samo ko kusarsa ba.

Ranar da za a haɗa shi ka nemi mutum na biyu. Yawanci a kife ake ɗaura ƙafafun, kuma wajen juyo shi dole a ɗaga shi sama gaba ɗaya, domin idan aka jingina nauyinsa a kan ƙafa biyu ana murginawa za su iya tsagewa daga tushe. Kada a taɓa ɗaukarsa ta sanduna. Idan ya tsaya, ka ɗora ma'aunin magina mai ɗigon ruwa a tsakiyar fili, a tsaye da kuma a gicciye, ka riƙa murɗa ƙafafun har ɗigon ya zauna a tsakiya. Idan babu ma'aunin, ƙwallon kanta ta isa shaida, ka ajiye ta a wurare daban-daban ka ga inda take son gangarawa. Ka nesanta shi da tagar da rana ke shigowa da kuma bango mai laima, domin zafi yana gasa roba ta yi gautsi, danshi kuma yana kumbura katako.

A wajen mai na yi kuskurena na biyu. Da sandunan suka fara tauri sai na ɗauko man feshin nan da ake kwance kusa mai tsatsa da shi na fesa. Kwana biyu suka yi santsi, daga nan ƙura ta taru a kansu ta zama baƙin danƙo, ya riƙa ɗiga a fili yana ɓata ƙwallo da hannun riga. Man silikon shi ne na wannan aiki, domin ba ya cin roba kuma ba ya tara datti kamar sauran. Ka fara goge sandar da tsumma mai ɗan sifirit har baƙin ya daina fita, sannan ka ɗiga ɗigo ɗaya ko biyu a daidai inda take ratsa jikin tebur, ka tura ka ja kana juyawa har ya bi ko'ina. Ni sau ɗaya a wata nake yi, ko duk lokacin da na ji sanda ta fara kuka. Ka kiyaye kada ya taɓa fili ko mariƙi, domin ɗigo ɗaya a fili ya isa ya sa ƙwallo ta riƙa zillewa tsawon mako.

Filin kansa ba ya son komai sai a share ƙura a goge shi da tsumman da aka matse sosai. Idan na gilashi ne ko mai rufin fomaika, ɗan sifirit yana cire baƙin zanen da ƙafafun 'yan wasa ke bari, idan kuwa mai leda ne ka bi abin da takardar kamfanin ta ce. Ruwa ne babban abokin gabarsa, saboda haka ka hana ɗora kofi a gefensa tun ranar farko, kafin ya zama ɗabi'a. Ƙwallayen roba ana wanke su da ruwan ɗumi da sabulu a shanya su bushe, na ɓawon itace kuwa ba a jiƙa su, idan sun gaji canza su ake yi. Duk bayan 'yan watanni ka bi kusoshin ƙafafu da na 'yan wasa ka ɗaure, amma kada ka matse har roba ta tsage, ka kuma duba zoben robar da ke ƙarshen kowane jere, wanda ke hana ɗan wasa dukan katako, domin shi ne ke fara mutuwa. Idan an gama wasa a lulluɓe teburin da mayafi.

Akwai doka ɗaya da nake so ka kafa wa yaran, wato hana wulwula sanda da tafin hannu. A dokar gasa laifi ne ɗan wasa ya yi juyin da ya wuce zagaye ɗaya cikakke, digiri 360, kafin ya taɓa ƙwallo ko bayan ya taɓa ta, kuma ko ba don doka ba, wannan wulwulawar ce ke karya 'yan wasa tana cinye wurin da sanda ke gudu a ciki. Haka nan kada kowa ya jingina ko ya yi lilo a kan sandar da aka jawo waje. Wanda bai kai tsayin tebur ba a ba shi ɗan dakali mai faɗi ya taka, don kada ya riƙa rataya a jikin mariƙi. Ƙwallon kuma faɗinta bai wuce santimita uku da rabi ba, tana iya shiga bakin mai rarrafe, shi ya sa a gidana ƙirga su ake yi bayan kowane wasa a mayar cikin gwangwani a ajiye a sama.

Ka aiko mini da awon ɗakin da sunayen teburan da ka gani, da nauyin kowanne da irin sandarsa, in duba maka kafin ka biya kuɗi. Ka sayi ƙwallaye da zoben roba na ajiya tare da teburin, domin ba za a yi wata uku ba sai an nemi ɗaya an rasa. Ka gaishe mini da uwargida da yara, ka ce wa babban ya fara motsa hannu, domin idan Allah ya kawo ni ba zan raga masa ba.

Wassalam,
Naka amini.